Gyaɗar da Na Tofar

Tun farkon shekarun casa'in nake sayen gyaɗa a Mubi ina loda wa mutanen Kano da na kudu, kuma ban taɓa mallakar wani abin gwaji ba sai bakina. Ban gaji sana'ar ba, mahaifina tela ne. Da buhu biyu na fara, a gefen rumfar wani, har na zo na yi sito nawa.

Yadda ake yi ba wuya a faɗa. Ka zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, don ta sama kowa ya iya gyara ta. Ka ɗebo, ka murza, ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka ciza. Busasshiya za ta ce ƙas. Mai laima haƙori ne zai nutse a cikinta. Daga nan sai ka jira ta a kan harshe. Gyaɗa mai lafiya maiƙo take saki da ɗan zaƙi, wadda ta kwana a damshi ko ta tsufa kuwa ɗaci take bari can baya, kusa da maƙogwaro. Wasu sai sun tauna biyar suke ji. Ni a ta farko nake ji, kuma kasuwa ta san haka. Baƙin da ke zuwa da manyan motoci, har da 'yan'uwana masu sito, fuskata suke kallo in na ciza. In na gyaɗa kai, buhu ya wuce.

Muna da wata ƙa'ida da ba wanda ya rubuta ta. In ka ji kayan mutum ba su yi ba, haɗiyewa kake yi, ka mayar da ragowar cikin buhu, ka ce Allah ya kawo kasuwa. Mai kaya ya gane, ya ja buhunsa gaba, wataƙila mai ƙuli-ƙuli ta saya. Ba a tofarwa. Mutum ɗaya ake tofar wa a gabansa, wanda ya cakuɗa ruɓaɓɓiya da sabuwa da gangan. In aka yi maka haka, ba wannan buhun kaɗai ka rasa ba, har na baɗi sai an bi shi da zargi. A duk shekarun nan sau biyu na taɓa yi, kuma duka biyun sun ci a yi musu.

Shekarar da aka gudu daga Mubi ba sai na ba kowa labarinta ba. Ranar da masu bindiga suka shigo gari da ƙafa muka fita, ni da matata da 'yarmu ta ƙarshe, wadda ke karatun malanta a lokacin. Mun kwana a daji kafin mu samu mota, muka sauka a Yola gidan ƙanwar matata. A can na koyi wani irin ci da ban san shi ba. Sai in zauna gaban kwano in share shi tas, in nemi ƙari, amma da za ka tare ni a bakin ƙofa ka ce miyar me na sha, ba zan iya gaya maka ba. Ba yunwa nake ji ba. In ina tauna ne kawai kaina ke yin shiru. Daga baya komai ya fara yi mini ɗaci. Na ce ruwan Yola ne. Na ce daddawar ƙanwar matata ce, har na faɗa a gabanta, abin da matata ba ta manta ba.

Da aka ce gari ya lafa muka dawo. Na tarar an ɓalle ƙofar sito, ba komai a ciki sai igiyoyi da kashin ɓera. Na gyara ƙofa na sake zama, don ban san wani aiki ba. Kasuwa ta buɗe kaɗan-kaɗan, amma kowa a tsorace yake da gyaɗar wannan shekara. An tone ta, an bar ta a gona ko a tsakar gida an gudu, ruwan ƙarshe ya taɓa wata, ƙwari sun shiga wata. Manoma sun dawo ba su da komai, wasu kuwa suna cakuɗawa, ba na ce ba su da dalili ba. Saboda haka baƙi suka ƙara manne mini. Ni kuma buhu bayan buhu ina jin ɗaci, ina haɗiyewa, ina cewa Allah ya kawo kasuwa. A raina na ce bana ƙasar ce gaba ɗaya ta lalace.

Akwai wani manomi na Vimtim, Kirista, da ya fi shekara ashirin yana kawo mini gyaɗa. Mutum ne mai tsantseni da shanya, har tsokanarsa nake yi cewa ya fi kula da gyaɗarsa a kan 'ya'yansa. Wata ranar kasuwa sai ga matarsa ita kaɗai a bayan a-kori-kura, da buhu biyar. Na san ta, takan raka shi. Ta rame, ta ɗaura baƙin ɗankwali.

"Mama, sannu da hanya. Ina abokina?"

"Abokinka ya tafi, Alhaji. A kan dutse, wajen Kamaru. Ciwo ya kama shi, babu magani."

Na yi mata gaisuwa. Ta ce wannan ita ce gyaɗarsa ta ƙarshe, da hannunsa ya shanya ta, ya zuba a rumbu ya liƙe bakin da laka kwana kaɗan kafin gudu. An ƙone musu rufin ɗaki amma rumbun ba wanda ya taɓa. So take ta sayar ta sayi kwano ta rufe ɗakin kafin ruwa ya sauka.

Aka sauke buhunan, mutane suka matso kamar yadda suka saba. Na zura hannu na ɗebo. Ina cikin murzawa sai ƙofar bayan wata babbar mota ta kuɓuce wa masu lodi ta faɗi ƙasa. Ƙarar ba ta da bambanci da abin da muka gudar wa. Rabin kasuwa ya durƙusa, wata mai kunu ta watsar da bokitinta. Da aka gane ƙofar mota ce aka tashi ana dariyar kunya, ana zagin masu lodi. Ni ma na yi dariyar, amma bakina ya bushe ƙamas. A haka na jefa ƙwayar na ciza.

Ban taɓa jin ɗaci irin wannan ba. Kamar na tauna maganin zazzaɓi. Ban yi shawara da kaina ba, sai ganin abin na yi a ƙasa, dab da takalminta.

Ta dubi ƙasa, ta dube ni.

"Alhaji, ni ka tofa wa?"

Da a nan na ce wani abu, da ya zo da sauƙi. Amma idanu suna kaina, kuma ɗacin yana nan a maƙogwarona, ba ƙarya nake ji ba. Sai na ce, "Mama, wannan kaya an taɓa shi."

"Wa ya taɓa? Ni na fasa laka da hannu na."

"To ban sani ba. Allah ya kawo kasuwa."

Na juya. Ragowar da ke hannuna na zuba a aljihu ba tare da na lura ba, sabo ne. Ta yi yini a wurin, ba wanda ya ko zura hannu a buhunta. Masu ƙuli-ƙuli ma kewaye ta suka yi. Da la'asar na ga ana mayar da buhunan cikin mota.

Kwana biyu bayan haka ina cin tuwon rana a gida, na ture kwano na ce wa matata, "Hajiya, wai me kike sa wa miyar nan ne kwanan nan?"

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta zo ta zauna, abin da ba ta cika yi ba.

"Alhaji, a Yola ka ce ta ƙanwata ɗaci. Mun dawo ka ce tawa ɗaci. Shekaranjiya na aika aka sayo maka ƙosai, ka ce an soya da tsohon mai. Kuma duk cinyewa kake yi, ko loma ba ka bari. Mu uku muke ci a gidan nan, kai kaɗai ke jin ɗacin."

"Bakinku da nawa ba ɗaya ba ne. Ni da shi nake cin abinci."

"Mu kuma da kunne muke ci." Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yan ƙwayoyin gyaɗa. "Wannan a aljihun rigarka na samu zan yi wanki. Ta wa ce? Na daɗe ban ci gyaɗa mai daɗinta ba."

Na gane ta, jar gyaɗa ce ƙanana, irin da abokina ke shukawa. Na karɓi ɗaya na tauna. Ɗaci. Na faɗa mata. 'Yata tana bakin ƙofa tana jin mu, ta zo ta ɗauki ɗaya ita ma ta tauna, ta dubi uwarta.

Makarantarsu ba ta koma ba tukuna, saboda haka ni ne ɗalibinta. Ta ce, "Baba, akwai darasin da muka yi kan halayyar ɗan Adam. Masu bincike a fannin sun daɗe suna duba yadda tsoro da baƙin ciki ke canza abin da mutum ke gani da abin da yake ɗanɗanawa. Mai damuwa in ya kalli tudu sai ya ga ya fi yadda yake tsayi. Wani ya kasa cin abinci, wani ya yi ta ci ba ya ƙoshi. Tsoro ma busar da miyau yake yi, in baki ya bushe kuma ɗanɗano ba ya zuwa daidai."

"Su masu binciken sun taɓa sayen gyaɗa?"

"Ban sani ba, Baba. Amma suna da harshe."

"Ni ba tsoro nake ji ba. Mun dawo gida, me ya rage?"

Matata ta ce, "Da takalmi kake zama a tsakar gida. Ko alwala ka yi sai ka mayar da shi."

Na dubi ƙafata. Takalmin yana nan.

'Yata ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙwayar sukari ɗaya, irin ta shayi, ta ce in ɗora a harshe kada in tauna. Na ɗora don su rabu da ni. Zaƙin ya zo, ba ƙarfi, kamar daga ɗakin maƙwabta. A bayansa sai ga ɗacin nan, daidai inda nake jin na gyaɗa. Sukari ba ya kwana a damshi ya ruɓe. Buhunan da na mayar tun dawowarmu nake tunawa, da masu su.

Washegari da hantsi na hau mashin zuwa Vimtim. Hanyar da na sani ce, amma ta yi mini nisa. Gidaje da yawa ba rufi, an jingina zana ana kwana a ƙarƙashi. Na samu matar abokina a inuwar bango tana gyaran wake a faifai. Buhunan biyar suna jere a cikin ɗakin da ba rufi, an lulluɓe su da tsohuwar tabarma. Ta ba ni kujera 'yar tsugunno, ta kawo ruwa. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba.

Na ce, "Mama, gyaɗarki lafiyarta ƙalau. Bakina ne ba lafiya."

"Na sani gyaɗa na lafiya."

Na yi mata bayani yadda zan iya, har da sukarin. Ta saurara tana tsince tsakuwa daga waken. Ta ce ita tun rasuwar mijinta abinci kamar ƙasa yake a bakinta, don jikokinta take turawa. "Amma ni ban tofa wa kowa ba."

Na ce zan ɗauki buhunan duka, yau ɗin nan, a farashin gyaɗa mai kyau, in turo mota da yamma. Ba wanda zai ji.

"Shi ne ba na so, a ce ba wanda zai ji. Jiya a coci wata ta tambaye ni wai da gaske na haɗa da tsohon kaya. Ka ɗauka a ɓoye, baɗi in kai wa wa? A kasuwa ka tofa, Alhaji. Ka zo kasuwa ka haɗiye."

Ni ɗan kasuwa ne, tun a kan mashin na riga na shirya hanya mai sauƙi. Na ce zan zo, in sake gwadawa a gaban kowa, in ce wancan karon ƙwaya ɗaya ce mara kyau ta faɗo mini a hannu. Yakan faru.

"Babu mara kyau a ciki. Ko ɗaya."

"Mama, magana ce kawai."

"Ka san mutanenka."

Na san su kuwa. In na ce ƙwaya ɗaya, za su ce inda aka samu ɗaya akwai ƙannenta a ƙasan buhu, kuma Alhaji tausayin gwauruwa ne ya kama shi. Za su saya, amma a wulaƙance, zargin kuma yana nan. Abu ɗaya ne zai wanke ta, in ce bakina ya daina aiki. In na faɗi haka kuwa, ban ga dalilin da baƙo zai sake tsayawa a ƙofar sitona ba. Na shanye ruwan na ce mata sai ranar kasuwa. Ban ce mata ga abin da zan faɗa ba, don ni ma ban sani ba.

Ranar ta zo, ta sauke buhunanta a wurin da ta sauke su wancan karon. Na bari rana ta ɗaga, baƙi sun taru, sannan na taso. Na zura hannu har gwiwa, na ɗebo cike da tafi, na watsa duka a baki. Ɗacin bai ragu ba ko kaɗan. Na tauna na haɗiye, na sake ɗebowa.

Wani mai sito da ke kusa da nawa, ƙanena ne a shekaru, mai son wasa, ya ce, "Yaya, ba a karya a gida ba ne?"

Na ce, "Ku matso ku ji. Abin da na yi wa baiwar Allah nan wancan mako zalunci ne. Gyaɗarta ba abin da ya same ta. Ni ne tun gudu bakina ya lalace. Ko sukari na sa ɗaci nake ji. Wannan da nake ci yanzu ma ɗaci take yi mini. Kada wanda ya bi bakina, kowa ya gwada da nasa."

Ba a yi wata hayaniya ba. Maƙwabcin nawa ya zura hannu ya ciza, ya jira, ya ɗaga gira. Wani baƙo daga Kano ya gwada buhu na biyu, wani na uku. Sai wani dattijo daga Wuro Patuji ya turo kai ta cikin mutane ya ce, "To Alhaji, nawa buhunan da ka mayar fa? Masu ƙuli na ba wa, kamar kyauta."

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Wataƙila lafiyarsu ƙalau. Ka yafe ni."

"Wataƙila," in ji shi. Ya maimaita kalmar sau biyu yana tafiya.

Maƙwabcina ya ce, "Yaya, ka huta kawai, ni zan riƙa tauna maka." Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin azahar baƙin da suka saba zama a bencina sun koma nasa. Ba wanda ya yi mini rashin kunya, kowa sai da ya yi mini Allah ya sawwaƙe kafin ya tsallaka.

Maƙwabcin nawa ne ya sayi buhunanta biyar, a gabana aka auna. Ban taya ba, ita ma ba ta dube ni ba sai da aka gama. Da za ta wuce ta tsaya a ƙofar sito.

"Alhaji, zan je wajen masu kwano."

"Allah ya sa albarka, Mama."

"Ka rage ci. Fuska ya rame, ciki ya fito."

Na ce to. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta shiga cikin kasuwa.

Ɗanɗanon ya dawo, amma ba rana ɗaya ba. Wajen tsakiyar damina na lura na bar tuwo a kwano, wata safiya kuma na ce wa matata tsamiyar kunun ta yi yawa, ta ɗanɗana ta ce gaskiya ne. Na gaya wa mutanen kasuwa bakina ya warke. Suka ce madalla, suka ci gaba da kai hannu wurin maƙwabcina. Ban ga laifinsu ba. Da ni ne baƙon, haka zan yi.

Har yanzu ina saye, kaɗan, yawanci daga tsofaffin da suka saba da ni. Ranar da aka wayi gari da labarin an kai hari wani ƙauye, ko wani abu ya fashe a gari, ba na buɗe buhun kowa, sai in ce su dawo jibi. Wasu suna dawowa. Matar abokina kuwa duk kaka tana kawo gyaɗarta, ta sauke a ƙofar maƙwabcina, ta leƙo ta gaishe ni ta tambayi Hajiya. Ɗakin nata an rufe shi da kwano kafin ruwan farko, wani ɗan acaba ya gaya mini. Ban koma Vimtim na gani ba.